Kyauta da Sharaɗin Mayarwa

Westhofen, washegarin azumin Kippur

Zuwa ga 'yata Brendel,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ubangiji ya rubuta ki cikin masu rai da lafiya a wannan sabuwar shekara, ke da mijinki Arman. Ina fata azumi bai ba ki wuya ba.

Mu nan ga yadda muke. Babanki lafiya, sai gwiwar da saniya ta taka masa bara, takan tashi in gari ya yi sanyi. Duk da haka a tsaye ya kai azumi har faɗuwar rana, don taurin kai. Gwaggonki Sorle tana kuka da zuciya, amma ita ta cinye rabin wainar tuffa da muka buɗe baki da ita, don haka ban damu ba. Koshel mai hidimar majami'a idonsa na dama ya tafi gaba ɗaya. Ni kuwa ba abin da ke damuna sai rashin barci. Jikata Hindel tana tari. Ba mai tsanani ba ne, amma tari ne, kuma da shi nake so in fara.

Wasiƙarki ta iso. Na karanta ta da kaina, a hankali, har sau uku. Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san sai da furfura ta fito na zauna gaban allo, kuma don ke na zauna, domin na gaji da Sorle tana karanta mini wasiƙunki da safe, da yamma in ji su a bakin rijiya.

Kin ce yanzu kin yi aure, kina da ɗaki uku a Nancy da taga mai kallon titi, kuma za ki zo cikin kwanakin Idin Bukkoki ki tafi da 'yarki. Brendel, ban ce ba 'yarki ba ce. Ban manta ranar da kika ajiye ta a cinyata ba, wata guda bayan mun binne ubanta Lipman, ko tafiya ba ta fara ba. Kika ce, "Mame, ki riƙe mini ita har in tsaya da ƙafata." Na ce to. Kika ƙetare iyaka kika shiga ɗinkin huluna, kika sha wuyar da ni kaɗai na sani. Duk wannan gaskiya ne.

Amma ki duba lokacin. Hunturu na bakin ƙofa, yarinya na tari, jirgin ƙasa kuwa iska ce ta ko'ina. Ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya. Shekararta takwas, kuma zuwanki nawa ta gani? Ba ta cin karas in an dafa, sai ɗanye. Wa zai san wannan a can? Sorle ta ce wai a Nancy mutanenmu Yahudawa ba sa kafa bukkar idi, wai shagon Arman yakan buɗe rabin ƙofa ranar Asabar, ranar hutunmu. Ban yarda ba, kin san bakinta. Amma ki gaya mini da kanki, in ji daga gare ki.

Da za ki gan ta jiya. Ana buɗe baki babanki ya fita tsakar gida ya kafa turken farko na bukka, kamar kullum, tun bai gama taunawa ba. Yau da safe suka ɗora ɗanyun rassa daga daji. Shi yana kan tsani da gwiwar nan, ita tana ƙasa tana ba da umarni.

Ta ce, "Tsoho, ka cika rufi! Ta ina za mu ga taurari?"

Ya ce, "Ji 'yar maraƙa tana koya wa sa kiwo. Inuwa ta fi rana yawa, haka doka ta ce."

Ta ce, "Doka ta ce a bar ƙofar taurari kuma. Cire wancan."

Ya cire. Mutumin da dillalan shanu uku ba sa iya sa shi ya sauya magana. Yanzu tana zaune tana soke albasa da gashin kaza don ratayewa, ta jera inabi da tuffa a zare. Kin san kayan adon bukka ba a taɓa su sai idi ya fita. Yaya za a ɗauke yarinya a bar adonta yana lilo a kanmu?

Ga abin da nake roƙo. Ki bari sai Idin Ƙetarewa, in gari ya yi ɗumi, tarin ya tafi. Wata shida ne kawai. Wanda ya yi haƙurin shekara bakwai, wata shida ba za su gagare shi ba. Ki ba ni amsa kafin jajiberen idi, don in san da wace zuciya zan kunna kyandir.

Babanki yana gaishe ki. Bai san na rubuta wannan ba.

Mahaifiyarki,
Fromet

Westhofen, cikin tsakiyar kwanakin idi

Zuwa ga 'yata Brendel,

Barka da idi, ke da maigidanki. Kada ki yi mamakin layin farko a karkace. Kwanakin tsakiyar idi ne, ba a rubutu irin na kullum sai an sauya hannu. Babanki ya leƙa ya ce ni ba na buƙatar wannan dokar, tun da layina bai taɓa miƙewa ba.

Kowa lafiya. Tarin Hindel ya tafi. Na so in ɓoye miki, amma ba na so in rubuta ƙarya cikin idi.

Amsarki ta iso ana gobe idi, ina tsakiyar murza ƙullu. Kin ce bara na ce sai bazara, da bazara na ce sai kaka. Kin ce Arman yana rufe shago tun azahar ɗin Juma'a, kuma bukkarku tana bayan gida. Kin ce za ki jira har sabon wata, ba ƙari, in kuwa ban ba ki ita ba, ba za ki kai ni gaban kowa ba, amma ƙafarki ba za ta sake taka gidan nan ba. Na san ki. Jinin babanki ne, abin da kika faɗa shi za ki yi. Na ninke takardar na ci gaba da murza ƙullu, gurasar kuwa ta fito kamar dutse.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru ranar farko, tun kafin ki ji shi daga wani bakin, don garin nan gaba ɗaya ya sha dariya da ni.

Kin tuna yadda ake yi. Esrog ɗaya ne a garin, lemon idi da Seligman mai hatsi yake sayowa daga Strasbourg, tare da damin rassan dabino. In maza sun gama da shi a majami'a, sai Koshel ya bi gida-gida da shi, don mu mata mu yi albarka a kai kafin mu sa komai a baki. A ranar farko ba a yin albarka da kayan aro, dole abin ya zama naka. Don haka Koshel yakan faɗa da bakin Seligman, "Kyauta ce, da sharaɗin ki mayar." Ki karɓa, ki yi albarka, ki kaɗa, ki mayar. Shekara arba'in ina jin kalmomin nan, ban taɓa tsayawa na saurare su ba.

Ya iso gidanmu, matan layinmu biyar sun taru a bukkarmu don su rage masa tafiya. Ni ya fara ba. Na yi albarka, na kaɗa. Hindel tana gefena cikin sabuwar riga, ta miƙa wuya tana shaƙar ƙamshin. Brendel, shekara bakwai ke nan duk wani abu mai daɗi da ya shigo hannuna, hannun da kansa yake juyawa wajenta. Ban yi tunani ba. Na ce, "Ungo, na ba ki, naki ne." Na sa mata a tafi.

Koshel ya dafe kai. Ya ce, "Wayyo, Fromet, kin kashe ni! Yarinya kika ba? A ranar farko?"

Na ce, "To mene ne? Ba ta yar da shi ba. Hindel, miƙa masa."

Ta miƙa. Ya ja da baya kamar garwashi ta miƙo. Ya ce, "Ko ta miƙa sau goma, a shari'a bai bar hannunta ba. Yaro yana da hannun karɓa, ba shi da hannun bayarwa. Lemo ya zama nata, ba ta da ikon ba kowa sai ta cika sha biyu. Ga rabin matan gari ba su yi albarka ba!"

Sorle ta ce, "Madalla. Sai mu zauna da yunwa shekara huɗu. Ni dama zuciyata ta gaya mini ba zan ga ƙarshen idin nan ba."

Matar mahauci ta ce, "Ke da kika sha kofi a ɓoye tun asuba, na ji ƙamshin ta katanga."

Suka kaure. Hindel ta tsaya a tsakiya da lemo a hannu biyu, tana cewa, "Ni ba na so, ku karɓa, ni ba na so." Ba wanda ya karɓa.

Muka ɗunguma zuwa wurin Rebbe, malamin majami'armu, Koshel a gaba, yarinya da lemo a tsakiya, mata a baya kamar masu rakiyar amarya. Muka same shi a bukkarsa da cokali a hannu. Ya sa kowa ya maimaita ainihin kalmomin da ya faɗa. Ya shafa gemu, sai ya dube ni.

Ya ce, "Fromet, da wane sharaɗi aka ba ki?"

Na ce, "In mayar."

"Yanzu kina iya mayarwa?"

Na ce, "Koshel ya ce ba na iyawa."

Ya ce, "To shi ke nan, an huta. Wanda aka ba kyauta da sharaɗi bai cika ba, kamar ba a taɓa ba shi ba ne. Lemon nan bai zama naki ba ko na ƙiftawar ido. Abin da ba naki ba kuwa, ba ki iya ba yarinya. Na Seligman ne har yanzu. Koshel, ɗauki kayanka, mata na jin yunwa."

Kowa ya yi ajiyar zuciya, aka hau dariya. Sorle har da cewa kan Rebbe ya fi na Strasbourg duka. Ni kaɗai na tsaya. Na ce, "Rebbe, albarkar da na yi fa?"

Ya ce, "Wannan ta faɗi ƙasa, 'yata. Kin ambaci sunan Ubangiji a kan abin da ba naki ba. Da kin mayar, da naki ne cikakke duk tsawon lokacin da yake hannunki, ba mai ce miki aro ne. Mayarwar ce take tabbatar da shi naki. Koshel, sake ba ta. Fromet, wannan karon ki mayar."

Aka sake ba ni, na sake yi, na mayar. Rebbe ya koma kan miyarsa. Maganar lemo yake yi, Brendel. Bai san da wasiƙarki ba, ba wanda ya sani.

Tun ranar nake juya maganar. Na tuna lokacin ƙyanda, da na kwana bakwai ban cire riga ba. Na tuna haƙorinta na farko, da ranar da ta fara tafiya daga kujerar babanki zuwa gwiwata. Ina ce waɗannan nawa ne, ba mai ƙwace mini su, ko ke. Yanzu an ce mini in na riƙe, ba su taɓa zama nawa ba, kayan wani na ɗauka na yi ta gode wa Allah a kai. In kuwa na saki, nawa ne, amma ɗakin ya zama kango. Wace irin doka ce wannan? Na tambayi babanki haka, ban gaya masa dalili ba. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Wasiƙa ta zo daga Nancy ko?" Na ba shi, ya karanta, ya ninke, ya fita duba shanu.

Kuma kin san idin nan an umarce mu da murna, ba a kuka a cikinsa. Ina zuba miya ina murmushi, ina amsa waƙa. In abin ya cika mini ƙirji sai in shiga garke in tsaya tsakanin shanu, su ba ruwansu da dokar.

Ban ce komai ba tukuna. Kada ki ɗauki wannan a matsayin amsa. Ki bar ni idi ya fita.

Mahaifiyarki,
Fromet

Westhofen, washegarin fitar idi

Zuwa ga 'yata Brendel,

Gaisuwa da fatan kun fita idi lafiya. Babanki ya yi rawa da littafin Attaura jiya har gwiwa ta kumbura, yau yana ɗingishi yana zagin saniyar bara. Sorle tana raye. Koshel ya yi mura. Hindel lafiyar jikinta ƙalau. Ni ma ina tsaye.

Zan ba ki ita. Na rubuta shi a farko don kada hannuna ya sami hanyar zagayewa.

Yau da safe muka rushe bukka. An yi ruwa kwana biyu, rassan sun jiƙe, adon Hindel duk ya yi laushi. Ina kwashe kwanonin aurena, na ga bakin babbar tasa ya ɓantare. Sai na hau faɗa, ba da kowa ba. Na ce wane irin rashin hankali ne mutum ya kwashi kayansa mafi kyau ya kai rumfar da ya san kwana bakwai za ta yi. Na ce da na sani da na riƙe yarinyar nan kamar baƙuwa, in ba ta ci, in ba ta sha, in bar zuciyata a cikin gida.

Babanki yana kan tsani, bai waiwayo ba. Ya ce, "Doka ta ce ka zauna a bukka kamar yadda kake zama a gidanka. Da tasarka mai kyau, da fitilarka. Ba a ce don kwana bakwai ne ka ci a kasko ba."

Na ce, "To ga tasa ta ɓantare."

Ya ce, "Ta ɓantare." Ya daɗe yana kwance igiya ɗaya da ba ta da wani ƙulli. Sai ya ce, "Riƙe mini tsani, matar nan, kina so in faɗo?" Muryarsa ba tasa ba ce. Kada ki ga bai rubuta miki ba ki ce abin bai taɓa shi ba. Wa zai riƙa ce masa Tsoho yanzu?

Sorle ta ba ni shawara in tambayi yarinyar, in ta ce nan take so, sai in rubuta miki cewa ita ta ƙi. Na san abin da za ta ce in na tambaya, shi ya sa ban tambaya ba. Ba zan ɗora wa 'yar shekara takwas ta zaɓa tsakanina da ke ba, ta girma da shi a wuya.

Da rana na zaunar da ita ina tsefe mata kai, don kada ta ga fuskata. Na gaya mata za ta tafi wurin mahaifiyarta, gida mai taga a kan titi, akwai makaranta, akwai huluna masu gashin tsuntsu. Na gama gefe ɗaya. Sai ta ce, "Saboda lemon nan ne? Ai na ce su karɓa."

Brendel, na rantse mata ba laifinta ba ne, na sake rantsewa. Ban tabbata ta yarda ba. In ta tambaye ki, ko bayan shekara ne, ki gaya mata ke kika nema, tun tuni kike nema, kuma ni na hana. Ki faɗa mata haka ƙarara. Gara ta ji haushina da ta ɗauka korarta aka yi.

Ga abin da ya kamata ki sani. Karas ɗanye, na riga na faɗa. In ta yi shiru tana murza kunnen hagu, zazzaɓi ne ke zuwa, kada ki jira. Ba ta son a ja mata gashi daga sama, daga ƙasa ake farawa. In ta yi fushi ba ta kuka, shiga ƙarƙashin tebur take yi. Kada ki jawo ta, ki zauna kusa ki ci gaba da aikinki, za ta fito da kanta. Ki gaya wa Arman kada ya yi saurin ɗaukarta, ba ta saba da hannun maza ba sai na babanki. In ta yi kwanaki ba ta kula ki ba, ki daure. Ke ma haka kike.

Na wanke kayanta, na saki kalmasar rigar hunturu don ta yi tsawo. Babanki zai kawo ta tashar kan iyaka a Avricourt ranar sabon wata, jirgin safe. Ki zo da kanki, kada ki aiko. Ni zan tsaya a gida. Na san hannuna, in na je tasha ba zai buɗe ba.

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi nake roƙon amsa da wuri. Kin ji da kunnenki a zuwanki na ƙarshe, kika yi kamar ba ki ji ba: Mame take ce mini. Ban koya mata ba, ban kuma hana ta ba. Yau na fara gyara mata baki. In ta ce Mame sai in ci gaba da abin da nake yi, in ta ce Kaka sai in waiwaya. Da farko ta ɗauka wasa ne, tana ta dariya. Ɗazu ta kira ni daga bakin ƙofa, ta sake kira, ta sake, ina tsaye ina goge tasa na ba ta baya. Dariyar ta tsaya. Can ta ce Kaka, a hankali, na waiwaya.

Amma ban san abin da zan koya mata ta ce miki ba. Mame kike so, ko "Maman" irin ta Faransancin can? Ki rubuto mini kalmar da manyan baƙaƙe. Ki yi ƙoƙari ta iso kafin Asabar mai zuwa, don in sami 'yan kwanakin da bakinta zai saba, kada ta sauka daga jirgi ta tsaya a gabanki ba ta san da me za ta kira ki ba.

Ubangiji ya tsare ki, ya tsare ta a hannunki.

Mahaifiyarki,
Fromet